Ko Hoton Ƙwaƙwalwa Zai Iya Hango Gigin Tsufa Tun Yana Nesa?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata yawancinsu a kan ƙwaƙwalwar dattawa suke. Mun zaɓi shida, mun taƙaita wasu saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 68, na yi ritaya daga koyarwa, kuma alhamdu lillahi hankalina garau yake. Sai dai mahaifiyata ta yi gigin tsufa na kusan shekara bakwai kafin rasuwarta. Na ji an ce a Ingila an gano wani hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna wanda zai kamu da wannan cuta shekara tara kafin ta bayyana. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ina zan je a yi mini?
*Tsohon malamin makaranta, Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifiya. Labarin yana da tushe, amma kafin ya iso kunnenka an ƙara masa gishiri.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma babu wadda ke aiki ita kaɗai. Sassa masu nisa da juna suna haɗuwa rukuni-rukuni: akwai rukunin gani, akwai na motsi, akwai na mayar da hankali. Hoton da ake magana a kansa, wanda ake kira fMRI, yana neman gano waɗanne sassa ne ke aiki tare. Mutum zai kwanta a cikin na'urar MRI na minti 6 zuwa 10, ido buɗe, ba a ba shi aikin komai ba. Na'urar ba ta ganin tunani. Jini take bi. Duk sashen da ya motsa, cikin daƙiƙa 4 zuwa 6 sai jini mai ɗauke da iskar oksijin ya kwararo masa, kuma maganaɗisun na'urar yana bambance irin wannan jini da wanda ya riga ya sauke iskarsa. Seiji Ogawa ne ya nuna haka a 1990. A 1995 Bharat Biswal ya lura cewa ko mutum yana kwance bai motsa ba, sashen da ke juya hannun dama da wanda ke juya na hagu suna hawa da sauka tare, a hankali, bai fi sau ɗaya a daƙiƙa goma ba. Kamar dai ka tsaya a bayan katanga ka ji lugude: ba ka ga matan ba, amma daga yadda taɓaren ke sauka ka san a turmi ɗaya suke daka.

Rukunin da ya fi jan hankalin masu binciken gigin tsufa shi ne wanda Marcus Raichle ya bayyana a 2001 a Amurka. Mu kira shi rukunin saƙar zuci, domin yana tashi ne idan mutum ya zauna shiru yana tuna jiya, yana shirya gobe, yana tunanin mutanensa. Ya haɗa tsakiyar ƙwaƙwalwa ta bayan goshi, da tsakiyarta ta wajen ƙeya, da gefuna biyu, da ma'ajiyar sababbin abubuwa da ke zurfi daidai saitin kunne. Wani gurɓataccen sinadari mai suna amiloyid, wanda ke cikin alamomin cutar Alzheimer, wato wani nau'in gigin tsufa, a waɗannan wurare yake fara taruwa, shekara 15 zuwa 20 kafin iyali su lura da komai.

Binciken da ka ji labarinsa ya fito ne a 2024 daga Jami'ar Queen Mary da ke Landan. Sun ɗauko hotunan mutum 1,111 daga wata babbar taskar bayanan lafiya ta Birtaniya. A cikinsu mutum 81 sun kamu da gigin tsufa daga baya, wasu har bayan shekara tara, sauran 1,030 kuma ba su kamu ba. Da suka auna yadda wurare goma na rukunin saƙar zuci ke tasiri a kan juna, sai lissafinsu ya samu maki 82 cikin 100. Ma'anar makin ita ce, in aka ajiye hoton wanda ya kamu kusa da na wanda bai kamu ba, lissafin zai nuna na daidai sau 82 cikin 100.

Kai malami ne, don haka ga aikin allo. A ce dattawa 1,000 ne, 50 daga cikinsu za su kamu, gwajin kuma yana dacewa sau 80 cikin 100 ta kowane ɓangare. Zai kama 40 daga cikin 50 ɗin, amma zai ɗora wa 190 daga cikin 950 masu lafiya tambarin cutar. Wato a cikin mutum 230 da aka hana barci, 40 kacal ne abin zai tabbata a kansu. Wannan misali ne muka ƙirƙira don a ga yadda lissafin ke tafiya, amma shi ne dalilin da ya sa babu wata ƙasa da ke amfani da wannan hoto wajen tace dattawa masu lafiya.

Ga kuma saurin lalacewar awon. Motsin kai da bai kai milimita ɗaya ba yana sa sassa masu nisa su zama kamar zumuncinsu ya yi rauni, kuma dattawa sun fi matasa motsi a cikin na'urar. Mutane da yawa gyangyaɗi ke ɗaukarsu cikin 'yan mintuna, hoton mai barci kuwa daban yake da na mai ido biyu. Goro ko shayi mai kauri kafin shiga yana matse jijiyoyin jini ya sauya awon. Jijiyar da hawan jini ya sandarar ma takan makara wajen kawo jini, sai a ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwa alhali bututun ne ya tsufa.

MRI ɗin da ake yi a asibitocin koyarwa namu na duba siffar ƙwaƙwalwa ne, ƙari ko zubar jini ko shanyewa, kuma ba ya amsa tambayarka. Game da gado: ciwon mahaifiya yana ɗan ɗaga haɗarinka, amma nau'in Alzheimer da ke bin jini kai tsaye bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma yakan fara tun mutum bai kai 60 ba, ya kama mutane da dama a gida ɗaya. Kuɗin hoton gara su tafi ga awon hawan jini, suga, kitsen jini, ji da gani. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ake iya gyarawa, waɗanda ya ƙiyasta suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa a duniya, kuma waɗannan biyar ɗin duk suna ciki.

Tambaya: An yi wa mahaifinmu MRI saboda ciwon kai. Sakamakon ya nuna wai akwai fararen ɗigo-ɗigo a ƙwaƙwalwarsa, alamar ciwon ƙananan jijiyoyin jini. Shekararsa 72, yana kasuwancinsa lafiya lau. Gigin tsufa ne ya soma?
*Wata mai karatu, Kaduna*

Amsa: A'a, Hajiya, ɗigon nan shi kaɗai ba gigin tsufa ba ne. Mafi yawan waɗanda suka haura 70 in aka ɗauki hotonsu za a ga kaɗan. Amma gargaɗi ne, kuma ya fi hoton da Malam na Zariya ke nema amfani, don wannan akwai abin yi a kansa.

Sassan ƙwaƙwalwa suna magana da juna ta dogayen zaruruwa masu farin rufi na kitse, waɗanda ke can ciki. Jijiyoyin da ke shayar da su sirara ne ƙwarai, kuma a ƙarshen layi suke, kamar gidan da ke ƙarshen bututun famfo. Hawan jini na shekara da shekaru yana kaurara bangonsu, hanyar ta tsuke, rufin zaruruwan ya lalace, saƙo ya riƙa makara. Shi ya sa alamar farko a irin wannan ba mantuwa ba ce. Nawa ce: lissafin da Baba ke yi da ka nan take ya koma ɗaukar lokaci, tafiya ta zama gajerun taku, fitsari ya riƙa matsowa da gaggawa.

Ku duba takardar ko an rubuta makin Fazekas, daga 0 zuwa 3. Maki 1 ɗigo ne a warwatse. Maki 2 sun fara haɗuwa. Maki 3 sun zama manyan faci, kuma wannan yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ko da Baba bai koka da komai ba.

A Amurka an yi gwaji da mutum fiye da 9,000 masu hawan jini, aka fitar da sakamakonsa a 2019. An sauke lambar sama ta awon jinin rabinsu zuwa ƙasa da 120, sauran kuma ƙasa da 140. Rukunin farko sun samu ragin kashi 19 cikin 100 na raunin tunanin da ke gabatar gigin tsufa, kuma fararen ɗigon nasu bai ƙaru kamar na ɗaya rukunin ba. Kada ku ɗauki 120 ɗin nan ku kafa wa Baba da kanku. Dattijon da jiri ke ɗauka in ya miƙe, musamman da zafin bazara ko cikin azumi, faɗuwa ta fi masa haɗari, don haka likita ne zai yanke inda za a tsaya.

Naku aikin shi ne awo mai kyau a gida. Ku sayi na'urar da ake ɗaurawa a damtse, ta wuyan hannu ba ta da tabbas. Ya zauna minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba goro ba shayi rabin awa kafin nan. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, safe da dare, kwana 7. A watsar da na ranar farko, a fitar da matsakaicin sauran. In ya kai 135 bisa 85, a kai wa likita takardar. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma a lissafa har da wanda ke cikin magi, kanwa, yajin tsire da kilishi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ajiye magani da zarar awo ya yi kyau, alhali maganin ne ya kyautata shi.

Akwai darasi a nan gida. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indianapolis ta Amurka ya nuna, a rahotonsa na 2001, cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na dattawan Yarabawa ne ke kamuwa da gigin tsufa, su kuwa baƙaƙen fatar Amurka kashi 3.24. Cikin dalilan da masu binciken suka kawo har da ƙarancin hawan jini, suga da kitsen jini a wajen mutanen Ibadan na wancan zamani. Duk wanda ya ga abin da ke kan faifan cin abincin biranenmu yau ya san wannan rata ba ta da tabbacin ɗorewa.

Tambaya: Shekaruna 61. Sunan mutum yakan ɓace mini, sai bayan mun rabu ya faɗo. Makulli ma kullum sai na nema. In damu?
*Wani ɗan kasuwa, Katsina*

Amsa: Alhaji, sunan da ya ɓace ya dawo yana nan a ajiye, ɗaukowar ce ta yi nawa, kuma shekaru na kawo haka. Abin da ke tayar da hankalin likita daban ne: a maimaita tambaya ɗaya sau uku a zama ɗaya, a manta gaba ɗaya cewa an je ɗaurin aure jiya ko da an tuna wa mutum, a ɓace a hanyar masallacin unguwa, lissafin shago ya riƙa rikicewa ga wanda ya yi shekara talatin yana yinsa. Tambayi uwargida ko yaron shagonka ko sun ga canji daga bara zuwa bana. In sun ce sun gani, je asibiti tare da ɗayansu. In minsharinka yana yankewa har numfashi ya tsaya, ka faɗa wa likita, don wannan kaɗai yana iya kawo abin da kake kuka da shi.

Tambaya: Kunnen mahaifina ya yi nauyi shekara biyu ke nan. Da shi ne ke riƙe da hira a majalisar ƙofar gida, yanzu ya daina fita, yana cewa surutu ya ishe shi. Yayyena sun ce tsufa ne, a ƙyale shi. Ni hankalina bai kwanta ba.
*Wani matashi, Gusau*

Amsa: Kana da gaskiya, ɗan'uwa, kuma ka nuna wa yayyenka wannan amsa cikin ladabi. A lissafin kwamitin Lancet, raunin ji yana da kashi 7 cikin 100 na gigin tsufa, kaɗaici kuma kashi 5. Baba ya haɗa biyun. Binciken Landan da muka ambata ma ya ga alaƙa tsakanin zaman kaɗaici da sauyin da ke faruwa a rukunin saƙar zuci.

Idan magana ta iso ƙwaƙwalwa a yayyage, sai sassan mayar da hankali su bar aikinsu su zo cike gurbi. Mutum zai fahimci abin da aka ce da ƙyar, amma ƙarfin da zai adana shi ya ƙare. Shi ya sa majalisa ke gajiyar da Baba. Bakin mutum biyar a lokaci ɗaya, ga babur na wucewa, aiki ne mai nauyi a gare shi, kuma kunyar cewa "na'am?" sau goma ta fi zaman ɗaki ciwo.

A fara da leƙa kunnen. Dattin kunne da ya daskare yana toshe ji sosai, kuma cire shi aikin 'yan mintuna ne a asibiti. Ɗigon man zaitun 2 zuwa 3 na kwana 3 zuwa 5 yana tausasa shi, amma ba a sa wa kunnen da ke zubar ruwa ko wanda dodonsa ya huje. Tsinken ashana da gashin kaza tura dattin ciki suke yi. In kunnen a share yake, sai awon ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Ku gaya musu in ya taɓa aiki kusa da injin niƙa ko janareta, ko an yi masa allurar jentamaisin ta kwanaki da yawa.

Na'urar ƙara ji a saita ta da sakamakon awon. Ta kasuwa da ke ƙara kowace irin ƙara yawanci a aljihu take ƙarewa. Makonnin farko za su dame shi, har sautin taunar kansa zai ji, don haka ya fara da awa biyu ko uku a cikin gida yana ƙarawa. Gwajin da aka yi a Amurka da dattawa 977, aka bayyana a 2023, bai nuna bambanci ba in aka haɗa kowa da kowa, amma a cikin waɗanda suka fi tsufa da yawan cututtuka, na'urar ta rage saurin raguwar tunani da kashi 48 cikin 100 a shekara uku. Kafin a samu kuɗinta, ku fuskance shi in za ku yi magana, ku yi ta dalla-dalla ba da ihu ba, ku roƙi aminansa biyu su riƙa shigowa zaure bayan la'asar. In idonsa ya yi yana, a yi masa aiki, kada a ce sai ta nuna.

Tambaya: An ce masu ilimi sun fi tsira daga gigin tsufa. Kakana bai yi boko ba, amma mahaddaci ne, kullum sai ya yi tilawar izu biyu. Wannan zai kare shi?
*Wata ɗaliba, Damagaram*

Amsa: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. A ƙwaƙwalwar matashi kowane rukuni yana da iyakarsa, kamar kasuwar da 'yan hatsi ke layinsu, 'yan yadi ke nasu. Gagan Wig da abokan aikinsa a jihar Texas ta Amurka sun nuna a 2014 cewa da tsufa layukan suna cakuɗewa. A 2021 suka ƙara da cewa cakuɗewar ta fi sauri ga dattawan da ba su yi karatu mai zurfi ba, kuma wanda tasa ta yi sauri ya fi fuskantar gigin tsufa a shekarun da suka biyo. Sai dai a Amurka takardar digiri tana tafe ne da albashi, abinci, unguwa da asibiti mai kyau, don haka ba aji kaɗai ake aunawa ba. Abin da ake nufi shi ne ƙwaƙwalwar da ta saba da aiki mai wuya tana da hanyoyin ratse da yawa, in ɗaya ta toshe sai ta bi wata.

Amma ki kula da wani abu, ɗiyata. Abin da aka haddace tun ƙuruciya shi ne na ƙarshen gogewa. Ana samun dattijon da gigi ya yi nisa da shi, bai san ya karya kumallo ba, amma ya ja doguwar sura ba tuntuɓe. Saboda haka kyawun tilawarsa ba shaida ba ce cewa komai lafiya. Abin da ya fi motsa ƙwaƙwalwa shi ne sabon aiki da hulɗa da mutane: sauraron haddar almajirai yana kama musu kuskure, biya littafin da bai taɓa biyawa ba, sasanta rigimar unguwa. Ya haɗa da tafiyar ƙafa. A wani gwaji na 2011 da dattawa 120, waɗanda suka yi tafiyar minti 40 sau uku a mako na shekara guda, ma'ajiyar sababbin abubuwa ta ƙwaƙwalwarsu ta ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, ta sauran kuwa ta ragu.

In ta kama a gwada shi wata rana, ku faɗa cewa bai yi boko ba. Gwajin da aka saba yi mai maki 30 yana neman rubutu da zane, yana kuma kayar da masu lafiya da ba su saba riƙe biro ba. Akwai wanda aka tsara don Afirka, aka gwada a Tanzaniya da Najeriya, da ke amfani da jera tsinken ashana da lissafa sunayen dabbobi cikin minti ɗaya.

Tambaya: Kakarmu lafiyarta ƙalau har makon jiya. Kwana uku ke nan tana sambatu da dare, tana ganin mutanen da babu su, da rana kuma sai barci. Wasu sun ce gigin tsufa, wasu sun ce iska ce.
*Wani mai karatu, Maraɗi*

Amsa: Ku kai ta asibiti yau, ku ci gaba da addu'arku a hanya. Gigin tsufa a watanni da shekaru yake shigowa. Ruɗewar da ta zo cikin kwana uku, tana hawa tana sauka, alama ce cewa wani ciwo a jiki ya rikita sadarwar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, kuma yawanci ana warkewa in an gano shi da wuri. A jikin tsoho, ciwon mafitsara, ciwon huhu ko zazzaɓin cizon sauro suna iya zuwa ba zafin jiki. Haka ƙarancin ruwa, riƙewar fitsari ko bayan gida, da faɗuwar suga ga mai shan maganin ciwon suga. Ku tuna ko ta faɗi ta bugu a kai, ko da wata biyu da suka wuce ne, domin jini yana iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai.

Ku zuba duk magungunan da take sha a leda ɗaya ku tafi da su, har da na gargajiya da na kemis. Maganin mura mai sa barci irin su Piriton, haka kuma Valium da tiramadol, sun yi ƙaurin suna wajen ruɗa tsofaffi. In kuna da na'urar awon suga kuma ta nuna ƙasa da 70, ku dama ƙaramin cokali 3 zuwa 4 na suga a ruwa ku ba ta, muddin tana iya haɗiya. Kada a ɗaure ta, kada a yi mata turare a rufaffen ɗaki, kada a ƙara mata maganin barci. Wanda ta fi sabawa da shi ya zauna kusa da ita, a bar fitila da dare, a sa mata tabaronta in tana da shi.

Bayan ta warware, ku koma da ita bayan kamar wata uku a gwada tunaninta, domin wanda ya taɓa irin wannan ruɗewa haɗarinsa na gigin tsufa ya ƙaru. A wannan zuwan ku nemi a auna mata bitamin B12 da aikin ƙululun wuya, wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, musamman in ta daɗe tana shan maganin suga na metformin.